Yadda za ka fahimci fitar Turawa teku da farkon mulkin mallaka da taswira da fensir

Yawancinmu abin da aka ba mu game da wannan zamani sunaye ne da shekaru kawai, Kolumbus 1492, Vasco da Gama 1498, Magellan 1519, a haddace a zuba a jarrabawa shikenan an wuce wajen. Ni kam abin yana damuna, domin cinikin bayi da ya kwashe miliyoyin mutanen Afirka daga nan ya taso, haka ma harsunan da ƙasashe da yawa ke aiki da su yau a ofis da kotu da makaranta, duk a wannan lokacin aka dasa su. Kuma wallahi labarin ba shi da wuyar ganewa in an bi shi ta inda ya dace. Hanyar da zan nuna maka ta zane ce, ka zauna da taswira da fensir ka bi jiragen nan da hannunka, gani ya kori ji.

Kafin komai ka yi wa abin iyaka. Ka fara daga 1415, shekarar da Fotugal ta ƙetara ruwa ta kama garin Sabta a gaɓar Maroko, ka tsaya wajen 1800. Mutane da yawa suna cakuɗa wannan zamani da rabon Afirka da aka yi a taron Balin na 1884 zuwa 1885, alhali tsakanin kama Sabta da wancan taron akwai sama da shekara 450, kuma yanayin ƙarfin Turawa ba ɗaya ba ne sam. In ka cakuɗa su za ka riƙa ganin Baturen 1500 kamar yana da jirgin tururi da bindiga mai sarrafa kanta, ba shi da ko ɗaya.

Kayan aiki ba yawa. Taswirar duniya wadda ba rubutu a jikinta, ka buga ta a takarda babba, kwafi biyu ko uku saboda za ka ɓata ta farko. Fensir mai launi uku ko huɗu. Sai Google Earth a waya ko kwamfuta domin auna nisa, wannan yana da muhimmanci saboda taswirar da aka fi sabawa da ita, tsarin Mercator na 1569, don matuƙan jirgi aka yi ta, tana kumbura ƙasashen da ke can arewa har Turai ta yi kamar ta kusa kai Afirka girma, nan kuwa Afirka ta ninka ta kusan sau uku.

To ka ɗauki fensir na farko, kar ka zana jirgin Bature ko ɗaya tukuna. Ka zana kasuwancin da ke gudana kafin su fito. Zinariya daga Bambuk da Bure da dajin Akan tana haye Sahara bisa raƙuma zuwa Sijilmasa da Tunis da Alƙahira. Kanumfari daga tsibiran Ternate da Tidore, gyaɗar ƙamshi daga tsibiran Banda, kirfa daga Siri Lanka, masoro daga gaɓar Malabar ta Indiya, su haɗu a Malaka da Kalikat da tashoshin Gujarat, daga nan wasu su bi ta Hormuz, wasu su wuce Adan a shiga Bahar Maliya zuwa Jidda, a kai Iskandariyya, can ne 'yan kasuwar Benis ta Italiya ke jira su saya su raba wa Turai da tsada. Ka sa ɗigo a Kilwa da Mombasa da Malindi. Ka tuna jiragen Sin ƙarƙashin Zheng He sun yi ta zirga-zirga a Tekun Indiya daga 1405 zuwa 1433 har gaɓar gabashin Afirka. In ka gama ka ja baya ka kalli takardar, za ka ga Fotugal da Sifen suna can ƙuryar yamma, a ƙarshen layi, kowane kaya sai ya bi ta hannu goma kafin ya iso musu. Abin da ya tura su ruwa kenan, suna son su tsallake dillalai su je tushen zinariya da kayan yaji da kansu, ga kuma gabar addini da Musulmin arewacin Afirka, da fatan samun wani sarkin Kirista da suke ji a labari wai shi Prester John ya taya su yaƙi.

Wani abu da za ka riƙa cin karo da shi, za a ce maka wai kama Kustantiniya, Istanbul ta yau, da Daular Usmaniyya ta yi a 1453 shi ya toshe hanyar kayan yaji. Ka duba zanenka, yawancin yajin ta Masar yake bi, Masar kuwa tana hannun Mamalik har 1517, Benis ba ta daina saye ba. Kuma Fotugal ta riga ta yi shekara kusan arba'in tana lalubar gaɓar Afirka kafin 1453.

Yanzu fensir na biyu, na iska, a nan nake so ka fi daɗewa domin in ka gane iska rabin tarihin ya buɗe maka. Jiragen nan ba inji, manyan ƙyallaye ne ake ɗaura musu, filafilai, iska ta tura, saboda haka teku a wajensu ba fili ba ne da za a bi ko'ina, hanyoyi ne ƙayyadaddu. A arewacin Atilantika ka zana kibiya daga wajen tsibiran Kanari ta nufi kudu maso yamma zuwa Karibiyan, wannan iska kusan kullum haka take kaɗawa. Sai ka hau sama daidai tsibiran Azores ka zana wata kibiya daga yamma zuwa gabas, ta koma Turai. Ka ga ya zama da'ira. Matsalar 'yan Fotugal a farko ba zuwa kudu ba ce, gangarawa gaɓar Sahara da sauƙi don iska da igiyar ruwa duk kudu suka nufa, dawowar ce tashin hankali. Shi ya sa wani wuri da ake kira Bojador a gaɓar Yammacin Sahara ya zame musu dodo har 1434 da Gil Eanes ya wuce shi ya dawo lafiya. Dabarar da suka gano ita ce in za ka koma gida kar ka bi gaɓa, ka faɗa tsakiyar teku arewa maso yamma kamar mai ƙara nisa, har ka tarar da iskar da za ta maida kai Lisbon. Suna ce mata volta do mar. Wannan dabara ɗaya ita ce uwar duk manyan tafiye-tafiyen da suka biyo baya.

Gwada ta a kan Kolumbus ka gani. Ya tashi daga Palos ta Sifen ranar 3 ga Agusta 1492 da jirage uku da nufin isa Asiya ta yamma, bai miƙe yamma ba, sai ya gangara Kanari tukuna ya hau waccan iskar, bayan kamar mako biyar ya sauka a wani tsibiri cikin Bahamas ranar 12 ga Oktoba. Da zai dawo ya hau arewa ya biyo ta Azores. Ba sa'a ce kawai ba, ya zauna a Fotugal shekaru, ya san iskar. Inda ya yi kuskure shi ne girman duniya. Masu ilmi a lokacin duk sun san duniya zagayayya ce, gardamar a kan nisa ce, shi ya ƙaranta ta ƙwarai, cikin dalilan har da ɗaukar mil ɗin Larabawa na lissafin al-Fargani a matsayin mil ɗin Rumawa wanda ya fi gajarta. Masanan sarkin Fotugal da suka ƙi shirinsa su ne da gaskiya, da ba don ya ci karo da nahiyar da bai san da ita ba da ƙishirwa ta kashe su a ruwa.

A kudancin Atilantika da'irar juyawa take ta ɗaya hannun. Bartolomeu Dias ya zagaya ƙarshen kudancin Afirka a 1488, sai Vasco da Gama da ya tashi daga Lisbon a Yuli 1497 ya yi wani babban lanƙwasa cikin teku, kusan wata uku ba su ga ƙasa ba, kafin iskar yamma ta kawo su kusa da ƙarshen Afirka. In ka zana wannan lanƙwasa za ka ga ta kusa goga Burazil, to ba sai an yi maka dogon bayanin yadda Cabral ya sauka can a Afrilu 1500 yana kan hanyarsa ta Indiya ba. Tekun Indiya kuma nata tsarin daban ne, iskar tana juyawa da lokaci, daga wajen Afrilu zuwa Satumba ta nufi Indiya, daga wajen Nuwamba zuwa Maris ta dawo Afirka, Larabawa da Suwahilawa da Indiyawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya da wannan jadawali. Da Gama ya samu jagora a Malindi, cikin kwana 23 suka ƙetara, ya isa Kalikat a Mayu 1498. Da zai dawo ya tashi ba a kan lokaci ba, ƙetarawar ta ɗauke su kamar wata uku, ciwon da ke kumbura dasashi saboda rashin ɗanyen abinci ya yi ta kashe mutanensa har sai da suka ƙone jirgi ɗaya don ba masu tuƙa shi. Sai Fasifik, can ma haka ne, zuwa Filifin daga Meziko da sauƙi, hanyar dawowa ce ta gagara har 1565 da Urdaneta ya hau arewa wajen Japan ya samu iskar da ta maida shi.

Ka ɗan san yadda suke gane inda suke, ba sai ka zurfafa ba. Kamfas na nuna alƙibla. Nisan arewa ko kudu suna auna shi da tsayin tauraron arewa a sama, in sun ƙetara ikwaita tauraron ya ɓace sai su auna rana da tsakar rana su duba jadawali, kuma yawancin wannan ilmi daga masanan Musulmi da Yahudawan Andalus suka gaje shi. Nisan gabas ko yamma kuwa kintace ne har ƙarni na 18 da John Harrison ya ƙera agogon da ba ya ɓata lokaci a teku.

Daga nan sai ka fara sa inda suka zauna, amma ga gargaɗin da ya fi kowanne, kar ka shafe ƙasa da launi. Taswirorin littafi suna shafe rabin duniya da launin Sifen ko Fotugal saboda yarjejeniyar Tordesillas ta 1494, inda ƙasashen biyu suka ja layi a teku, lig 370 (lig ma'aunin nisa ne na matuƙan lokacin) yamma da tsibiran Kef Bade, suka ce yamma ta Sifen gabas ta Fotugal, ba tare da mutanen da ke zaune a waɗannan ƙasashe sun ma ji labari ba. A takarda ne wannan. A Afirka da Asiya ka sa ɗigo kawai, domin ɗigo suka mallaka. Arguin a shekarun 1440. Elmina a 1482, a gaɓar Gana ta yau, kuma sai da suka zauna da sarkin wurin aka yi ciniki kafin su aza dutse. Goa 1510, Malaka 1511, Hormuz 1515, duk aikin Afonso de Albuquerque. Makau 1557, da iznin hukumomin Sin. Tsarin Fotugal a Tekun Indiya shi ne su tsare mashigai da igwa su tilasta wa jiragen 'yan kasuwa sayen takardar izni da suke kira cartaz, wanda ba shi da ita a kwashe kayansa. Ƙarfinsu a kan ruwa yake, iyakar inda igwar jirgi ke kaiwa.

Kusa da kowane ɗigo ka rubuta waye mai ƙasar, da abin da ya yi. Sarkin Kalikat ya raina kyautar da da Gama ya kawo, tufafi da huluna da zuma, a kasuwar da ake cinikin zinariya. Sarkin Benin ya yi ciniki da su amma ya taƙaita sayar da bayi maza. Afonso na ɗaya sarkin Kongo, wanda Kirista ne, ya rubuta wa sarkin Fotugal wasiƙu a 1526 yana kukan cewa ana sace mutanensa har da 'ya'yan sarauta, ƙasarsa na ƙarewa. Sarauniya Njinga a Angola ta yi shekaru da dama tana yaƙi da sulhu da su har ta rasu a 1663. A 1578 sarkin Fotugal Sebastian da kansa ya jagoranci yaƙi a Maroko aka kashe shi a Wadil Makazin, bayan shekara biyu sarautar Fotugal ta faɗa hannun sarkin Sifen har 1640. Omanawa sun kori 'yan Fotugal daga Maskat a 1650, suka karɓe Fort Jesus ta Mombasa a 1698. Japan ta kore su a 1639, cikin Turawa ta bar 'yan Holan kaɗai a wani ɗan tsibiri, Dejima, a Nagasaki. Kuma a Afirka ta yamma zazzaɓin cizon sauro da shawara suna kashe Bature cikin watanni in ya zauna, shi ya sa shekara ɗari uku da wani abu suna bakin teku suna biyan haya da kuɗin fito ga sarakuna.

Nahiyar Amurka ce ta bambanta, can ne aka yi cin ƙasa na gaske tun da wuri, don haka ka ware mata takarda ta biyu. Tambayar da kowa ke yi, ta yaya Cortés ɗan Sifen da 'yan ɗaruruwan mutane ya rushe daular Aztek a Meziko, Pizarro kuma, shi ma ɗan Sifen, da mutum 168 ya kama sarkin Inka a Peru? In aka ce maka bindiga da doki, akwai gaskiya amma kaɗan ce, bindigogin lokacin ɗurawa ɗaya-ɗaya ake yi, takobin ƙarfe ma ya fi su aiki. Ka nemi abu biyu. Na ɗaya, da ɗan gari kan ci gari. Mutanen Tlaxcala da wasu garuruwa da Aztek ke matsa wa da haraji su ne dubun dubatan mayaƙan da suka kewaye Tenochtitlan, babban birnin Aztek, har ta faɗi ranar 13 ga Agusta 1521, kuma ba don tafintarsa Malintzin ba, wata baiwa da aka ba shi, da Cortés ba zai iya ƙulla ko yarjejeniya ɗaya ba. A Peru kuma Pizarro ya iso daidai lokacin da aka gama yaƙin basasa tsakanin 'yan'uwa biyu masu neman sarautar Inka, Atahualpa da Huáscar, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kama Atahualpa a Cajamarca a Nuwamba 1532, ya karɓi fansar zinariya da azurfa cike da ɗakuna, ya kuma kashe shi a 1533.

Na biyu cuta. Mutanen can ba su taɓa haɗuwa da agana da ƙyanda ba, jikinsu ba shi da kariya, agana ta shiga Tenochtitlan a 1520 ta kashe har da sabon sarkinsu Cuitláhuac. Annoba ta sake afkawa Meziko a 1545 da 1576. Masana da yawa sun ƙiyasta cewa a wurare da dama kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na mutane sun ƙare cikin shekara ɗari zuwa ɗari da hamsin. Amma don Allah kar ka bari a fake da cutar a wanke kowa, mutumin da aka raba da gonarsa, aka tura shi rami yana haƙo, yunwa na cinsa, shi ne cuta ke kayarwa ba tashi. Mutanen Taíno na tsibirin Hispaniola sun riga sun ragu ƙwarai da aikin tilas da kisa kafin agana ta iso musu a 1518. Tsarin encomienda ya raba mutane ga sojojin Sifen kamar kaya, kuma ko a lokacin akwai waɗanda suka ce wannan zalunci ne, wani limamin coci, Montesinos, ya yi huɗuba a kai a 1511, wani limamin kuma, Bartolomé de las Casas, ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar abin, har aka yi sabbin dokoki a 1542 waɗanda masu cin moriyar suka tayar da bore a kansu. Saboda haka in wani ya ce maka ai a zamaninsu ba a ganin laifi ne, ga mutanen zamaninsu nan sun gani. Nan ma ka yi hattara da launi, garin Maya na ƙarshe mai cin gashin kansa sai 1697 ya faɗi, mutanen Mapuche a kudancin Chile kuwa Sifen ba ta taɓa cin su ba.

Fensir na uku na kaya ne, kuma shawarata ka bi kaya biyu kacal daga tushe har inda suka ƙare, azurfa da sukari. Azurfa ka fara daga Potosí, dutsen da aka gano arzikinsa a 1545 a Bolibiya ta yau, sama da mita 4,000 bisa teku. Daga shekarun 1570 aka kafa tsarin da ake kira mita, aikin tilas da ke ɗebo kashi ɗaya cikin bakwai na mazan wasu larduna kowace shekara, ana tace azurfar da zaiba daga Huancavelica wadda ke lalata jikin ma'aikata. Sarkin Sifen na ɗaukar humusi. Layi ɗaya ya tafi birnin Sabil na Sifen, daga nan ya watsu wajen masu bin Sifen bashi da yaƙe-yaƙenta a Turai. Ɗaya layin kuma, wanda ya fi ɗaukar azurfar Meziko, ya tashi daga Acapulco ya ƙetara Fasifik zuwa Manila da Sifen ta kafa mulki a 1571, a saya siliki da tangaran daga 'yan kasuwar Sin, waɗannan jirage sun yi ta kai da kawowa har 1815. Za ka ga layukan biyu da yawansu a Sin da Indiya suke ƙarewa, domin Turai ba ta da wani kaya da Asiya ke so sosai, azurfar Amurka ce tikitin shigarta kasuwar.

Sukari kuma shi zai kai ka cinikin bayi. Ka fara daga Madeira, ka sauka São Tomé inda aka fara haɗa babbar gonar rake da bayin Afirka, ka ƙetara arewa maso gabashin Burazil, sai Barbados a shekarun 1640, Jamaika da Ingila ta ƙwace a 1655, sai Saint-Domingue ta Faransa, Haiti ta yau. Rake in an yanke shi dole a matse cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka injin matsa da tukwanen dafawa dare da rana suke aiki, mutane na mutuwa fiye da yadda ake haihuwa, masu gona suka ga sayo sabbi ya fi musu araha a kan kula da waɗanda ke hannu. Tun 1444 aka yi rabon mutum 235 da aka kamo daga gaɓar Afirka a garin Lagos na Fotugal, ana raba uwa da ɗa a fili. Daga farkon ƙarni na 16 zuwa shekarun 1860 kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jirage, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Burazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan biyar, waɗanda aka kai kai tsaye inda ƙasar Amurka take yau ba su kai 400,000 ba, wannan yakan ba mutane mamaki. Ka rubuta gaskiya duka a takardarka, akwai sarakuna da fatake na Afirka da suka kama suka sayar, akwai kuma buƙatar gonakin can da jarin Turai da suka mai da abin ya kai wannan girma. Ka sa alamar waɗanda suka ƙi, Palmares a Burazil, garin bayin da suka gudu wanda ya yi kusan ƙarni guda kafin a kashe shugabansu Zumbi a 1695, da juyin Haiti daga 1791 zuwa 1804. A jiragen nan dai masara da rogo da gyaɗa da tumatir da dankalin Turawa da barkono da koko da taba suka fito daga Amurka, doki da shanu da alkama suka shiga.

In ka iso 1600 ka canza tambaya, ka daina tambayar wane sarki, ka koma wane kamfani. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya samu izni ranar 31 ga Disamba 1600, na Holan, VOC, a 1602, ana sayar da hannun jarinsa a Amstadam, kuma takardar izninsa ta ba shi ikon yin yaƙi da gina ganuwa da ƙulla yarjejeniya da sarakuna. Ka karanta abin da Jan Pieterszoon Coen, gwamnan VOC, ya yi a Banda a 1621 don kamfanin ya mallake gyaɗar ƙamshi shi kaɗai, mutanen tsibiran wajen 15,000 ne, aka kashe wasu, aka bautar da wasu, wasu suka gudu, kaɗan suka rage. 'Yan Holan sun karɓe Elmina a 1637, Malaka a 1641, suka kafa zango a Kef, ƙarshen kudancin Afirka, a 1652 don jiragensu su sha ruwa, daga zangon nan ƙwace ƙasar Khoikhoi, mutanen wurin, ya fara. Ingila da Faransa a arewacin Amurka ba sai ka daɗe ba a karon farko, Jamestown 1607, Kubek 1608, Plymouth 1620, Ingila taba da ƙasar noma, Faransa fatun dabbobi. Indiya ce za ka lura da ita, a shekarun 1680 kamfanin Ingila ya ja da sarki Aurangzeb ya sha kashi har ya nemi afuwa ya biya tara, amma a 1757 a Plassey Robert Clive na kamfanin ya ci Siraj ud-Daulah, mai mulkin Bengal, bayan ya saye babban kwamandansa Mir Jafar, a 1765 kamfanin ya karɓi ikon tara harajin Bengal. A nan ne ɗigo ya fara zama launi a Indiya.

Game da karatu kuma, duk rubutun da ya zo hannunka ka duba wa ya rubuta kuma wa yake rubuta wa. Wasiƙun Cortés ga sarki Charles na biyar na mutum ne da ya saɓa wa umarnin gwamnan Kuba yana neman a wanke shi, dole ya kambama kansa. Kalmar "ganowa" ma ka riƙa tsayawa a kanta, in an ce an gano wuri ka tambaya su wa aka tarar. Magellan ana cewa ya zagaya duniya, alhali an kashe shi a Mactan ta Filifin a Afrilu 1521 a faɗa da mutanen Lapulapu, Elcano ne ya dawo da jirgi ɗaya cikin biyar a Satumba 1522 da mutum 18.

In kana son ka gwada kanka, kife takardun ka ɗauki sabuwa. Zana tafiyar tsabar azurfa ɗaya daga ramin Potosí har hannun mai sayar da siliki a Sin, ka faɗi iskar da ta tura jirgin da wanda ya haƙo ta. Sannan ka nemo ɗan tsibirin Run cikin Banda a Google Earth, tsawonsa kilomita uku ne kacal, ka bayyana wa kanka da baki me ya sa a yarjejeniyar Breda ta 1667 Holan ta yarda ta bar wa Ingila Manhattan, tsakiyar New York ta yau, ita kuma ta riƙe Run. Inda ka cije, nan za ka koma ka sake zanawa.